Gida Ba Rumbu: Matsalar Wurin Ajiya a Sababbin Gine-ginen Arewacin Zamfara

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin da ke tasowa a bayan garin Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, zai ga gidajen bulo da kwano suna ta tashi, galibinsu na ma'aikatan gwamnati ne, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa masu matsakaicin ƙarfi. Kusan dukkansu shimfiɗe suke a ƙasa, ba bene a sama, ba ɗaki a ƙarƙashi. Daga waje gwanin sha'awa. Amma in mutum ya yi sallama aka yi masa iso, sau da yawa abin da zai tarar shi ne buhunan gero jingine a bayan kujerun falo, da babur a baranda, da akwatunan lefe an ɗora wani kan wani har sun kusa taɓa silin, ga kuma katifun baƙi a naɗe a ɗakin yara, yaran kuwa suna kwana a takure. Akan ɗora wa matan gida laifin rashin iya gyara, alhali kuwa tun ranar da aka ja igiya aka haƙa harsashin ginin aka manta da wurin ajiya.

Abin mamaki shi ne, akasarin masu waɗannan gidaje a gidajen da ba su san wannan matsala ba aka haife su. Gidan Bahaushe na da, kome talaucin mai shi, da wurin ajiya ake tsara shi. A tsakar gida ko a bayan ɗakuna akwai rumbu, wani na kara da zana mai hular jinka, wani na laka zalla, watau rufewa, wadda mutanen wannan yanki ke kira ruhewa. A kan duwatsu ake ɗora shi, don kada laima ta taso masa daga ƙasa, don kuma gara ta rasa hanyar hawa a ɓoye. Damman gero da na dawa ake jerawa a ciki ba tare da an sussuke ba, domin hatsin da aka bari a zangarniyarsa ya fi jure ƙwari, har yakan shekara biyu ko uku lafiya lau. Dabara ce tsohuwa, kowane ɗalibi ya san ta daga ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salamu. Maigida yana da nasa babban rumbu na gandu, wanda shi kaɗai ke ba da iznin buɗe shi, mata kuma sau da yawa suna da nasu ƙanana na wake da gyaɗa da abin da suka samu ta hanyar sana'a.

Cikin ɗaki ma haka abin yake. Akwai alkuki a jikin bango na ajiye fitila da ƙananan tarkace, akwai ragaya da ake rataye ƙwaryar nono ko ta fura don kada ɓera ko kyanwa su kai gare ta, ga ƙarƙashin gado da ke ɗauke da adaka, ga randa a inuwa. Saman soro kuwa wurin shanya ne. Zaure yana karɓar baƙi, a lungunsa kuma ake jingine garma da fartanya da sirdi. Babu wanda ya zana wannan tsari a takarda, amma kowane abu yana da mazauninsa.

YADDA RUMBU YA FITA DAGA GIDA

Sauyin ya daɗe da somawa. A shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda, nan ta tsaya. Jirgin ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa kudu, yana dawowa da kayan kanti, cikinsu har da kwanon rufi da siminti. Tare da su aka sami sabon samfurin gida, irin wanda Turawan mulki suka gina wa kansu da manyan ma'aikatansu. Gidan nan an tsara shi ne domin mutumin da ba ya noma, ba ya da iyali masu yawa, abincinsa daga kanti yake zuwa kaɗan-kaɗan, kukunsa da boyinsa kuma suna can a ɗakunan baya. Ɗan ƙaramin sito a gefen kicin ya ishe shi. Da 'yan ƙasa suka gaji kujerun Turawa sai suka gaji gidajen, daga nan kuma duk wanda ya tashi ginin kansa sai ya kwaikwayi abin da ya gani a unguwar ma'aikata, domin shi ne alamar wayewa.

Sa'an nan kaya suka ƙaru. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da bashin watanni, aka shiga sayen firji, da rediyo mai faifai, da kujerun kushin, da babura. Bayan 1979 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, mafi yawansu ɗaki da falo ne, da nufin mai gida ya ƙara gini in ya sami hali. Da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, aka kuma ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, sai ma'aikata da ɗalibai masu neman haya suka yawaita, masu gidajen haya kuwa kowa ya san lissafinsu: ɗakin da za a zuba buhu ba ya kawo kuɗi a ƙarshen shekara. Ta haka aka wayi gari gida ya rasa rumbu, kayan da ke cikinsa kuma sun ninka na da.

Wani zai ce, me ya hana a haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ake gani a gidajen Amurka da Kanada? Can dalilinsu daban ne. Sanyin hunturunsu yana daskarar da ƙasa, saboda haka tilas harsashin gini ya nutsa ƙasa da inda ƙanƙara ke kaiwa, in ya so tun da an riga an yi haƙan sai a mayar da ramin ɗaki. A nan kuwa babu abin da ke tilasta wannan haƙa, kuma ramin da aka yi da gangan sai an kashe masa kuɗi mai yawa kafin ya iya tsare ruwa. Ruwan Agusta ba ya wasa, balle a garuruwan da ke kusa da fadamun gulbin Gagare da na Bunsuru, inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina. Gaskiya ne manoma a wasu sassan Borno sun daɗe suna binne dawa cikin rami, amma a fili suke yi, ba a ƙarƙashin ɗakin kwana ba. Ma'aikacin da ke gini da albashi, bulo ɗari yau, buhun siminti biyar wata mai zuwa, ba shi da wannan zaɓi. Abin da yake da shi shi ne faɗin fulotinsa da tsawon bangonsa.

Da a shekarun baya ne, da sai a ce wannan magana ce ta tsabta da ƙawa kawai, domin ma'aikaci yana da rumbu a ƙauyensu, duk ƙarshen wata sai ya aika a sussuko masa abin da zai ishe shi. Wannan hanya ta toshe wa mutane da yawa. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan arewacin Zamfara, suna kora dabbobi, suna sa wa manoma haraji kafin su yi shuka ko girbi, suna fasa rumbuna su kwashe abin da za su iya, wani lokaci su cinna wa sauran wuta. Garin Banga da ke ƙasar Ƙauran Namoda ya ga irin wannan baƙin ciki a 2025, sa'ad da aka sace mutanensa fiye da 50, daga baya a watan Yuli labari ya zo cewa an kashe fiye da 30 daga cikinsu bayan an biya kuɗin fansa. Manomin da ya ga haka ba zai bar abincin shekara a rumbun kara a bakin daji ba. Da ya yi girbi sai ya sussuke, ya ɗura a buhu, ya nufi gari da shi, wurin ɗa ko ƙane mai aikin gwamnati. Sau da yawa kuma ba buhunan kaɗai ke zuwa ba, har da tsofaffi da mata da yara da 'yan komatsansu. Gidan cikin gari shi ya zama rumbun dangi, ko an tsara shi don haka ko ba a tsara ba.

Ko wanda ba shi da gona ya ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan wayar hannu, duk don a matsa wa 'yan bindiga. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa har daga Jamhuriyar Nijar, tana cikin waɗanda abin ya shafa. A makonnin nan an ga bambanci tsakanin gidan da ke da buhu a ajiye da gidan da ya dogara da awon kullum.

LISSAFIN BUHU DA BULO

To, wane irin wuri ake bukata? Lissafin ba shi da wuya, kowane ɗan sakandare zai iya yinsa. A ɗauki gida mai mutum 10 da ke cin tiya biyu ta hatsi a yini, tuwo da kunu da fura. A shekara tiya 730 ke nan. In buhu yana ɗaukar tiya 40, ana bukatar buhu 18 da 'yan kai. Buhu in an kwantar da shi yana cin kamar ƙafa uku a tsawo, biyu a faɗi, kuma ana iya ɗora biyar a jeri ɗaya ba tare da wahalar saukewa ba. Jeri huɗu sun ɗauke abincin shekara. In aka ƙara ratar da za a bari tsakanin buhu da bango, da hanyar da mutum zai bi ya duba, da wurin shinkafa da wake da manja da man gyaɗa, to ɗaki mai ƙafa 8 da ƙafa 10 ya wadatar. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, watau wannan ɗaki bai kai kashi 2 cikin 100 na filin ba. Falon da ake yayi mai ƙafa 16 da ƙafa 20 ya ninka shi sau huɗu, falon da a gidaje da yawa ba a cika shi sai ranar suna ko ranar Salla.

Kuɗin ma bai kai yadda ake tsoro ba, muddin tun a zanen gini aka sa shi. In siton ya jingina da bango biyu da za a gina ko da ma babu shi, sauran bango biyun ba za su ci bulo 200 ba, kuma rufi ɗaya ne zai lulluɓe su duka. Wanda ya bari sai bayan an tare shi ne zai sha tsada, domin sai ya fasa bango, ya sake harsashi, ya yi ƙarin rufi mai zuba a mahaɗa duk damina. Magina suna da nasu alhaki a nan. Da yawansu zane ɗaya suka haddace, shi suke maimaita wa kowa, in mai gini ya kawo zancen sito sai su nuna masa ɗan lungun da ya rage tsakanin kicin da makewayi. Wannan kuwa shi ne wuri mafi muni a gidan duka, ga zafin murhu ta wannan gefe, ga laimar ruwa ta wancan.

Siton kirki yana son bangon da rana ba ta dukansa da yamma. Daɓensa na siminti ne, a ɗaga shi sama da na tsakar gida, don ruwan da ya kwanta kada ya shiga. Ba a ajiye buhu a kan daɓe kai tsaye, sai an shimfiɗa katako an ɗaga shi kamar taƙi guda, kwatankwacin duwatsun da ke ƙarƙashin rumbu. A yi ƙananan tagogi biyu can sama suna kallon juna, a rufe su da ragar waya, iska ta ratsa, tsuntsu da ɓera su rasa ƙofa. Ƙofar ta zama ta ƙarfe, ko a bi gindinta da falle, ta kuma yi faɗin da ɗan dako zai shiga da buhu a ka ba tare da ya karkace ba. In da hali ta buɗe ta tsakar gida kusa da zaure, don kada a riƙa ratsa ɗakunan mata da kaya. A shafe bangon da siminti sumul, domin a tsagar bango ƙwari ke ɓuya su jira sabon hatsi, shi ya sa ma ake share sito a ƙone sharar kafin kaka ta shigo.

Hatsin da aka sussuke bai kai na dami ƙarko ba, saboda haka bushewa ita ce sharaɗi na farko. Masara da gyaɗa da aka ɗura da sauran danshi sukan yi fumfuna, wani irin fumfunan kuwa yana haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Wake shi ne mai wuyar sha'ani. Mutanen da suna cakuɗa shi da toka ko yashi ko barkono. Na yanzu da yawa sun koma ga magani, wasu har da wanda ba a yi shi don abinci ba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Ƙwayar nan ta Phostoxin da ake jefawa cikin buhu iska mai kisa take fitarwa, kuma ba ta bambanta ƙwaro da yaron da ke barci kusa da buhun. Wannan kaɗai ya isa dalilin raba wurin hatsi da wurin kwana. Akwai hanyar da ba ta bukatar magani, watau buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure bakinsa tam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu. Ganga ko jarka mai murfin kirki ma haka take aiki. Sai dai huda ɗaya ta haƙorin ɓera ta isa ta ɓata shi, saboda haka buhun bai ɗauke wa mutum gina sito ba.

Ya kamata a bambanta ajiyar ci da ɓoyon kaya don jiran tsada. A yawancin shekaru hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada a tsakiyar damina, don haka ma'aikacin da ya sayi na shekara a watan Nuwamba ya rage wa albashinsa nauyi. Amma ba kullum ake kwana a gado ba: a 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara don riba suka yi kuka. Wanda ya ajiye don bakin iyalinsa bai yi asarar kome ba, tuwonsa ya ci.

Akwai kuma kayan da bai kamata su haɗa ɗaki da abinci ba ko kaɗan: takin zamani, da maganin feshi, da kananzir, da fetur ɗin janareto ko na babur. Waɗannan suna son ɗan ƙaramin ɗaki nasu a jikin katanga, nesa da murhu, mai kuba wadda yara ba su san inda take ba. Gobarar hunturu ba ta bukatar fiye da jarka ɗaya a lungun kicin.

Sai kayan mata, waɗanda masu zane suka fi mantawa da su, wataƙila don ba a tambayar matan kafin a yi zanen. Amarya tana zuwa da gado da katifa da kabad, da jeren kwanoni da tasoshi da kuloli, da akwatunan lefe, sa'an nan ga gara ta biyo baya, buhunan shinkafa da tulunan man shanu da alkaki da nakiya. Duk wannan a ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 12 ake so ya shiga, kafin a zo ga haihuwa. Matar da ke cikin kulle kuma galibi tana da sana'a, ko ƙuli-ƙuli, ko fura, ko ɗinki, ko sayar da atamfa, jarinta yana bukatar inda zai zauna. In gidan na mace fiye da ɗaya ne, sito ɗaya da kuba ɗaya ba ƙaramar fitina yake haddasawa ba, kowane alƙali da kowane mai unguwa ya san irin ƙarar da ke farawa daga tiyar shinkafar da ta yi ƙafa. Babban sito na maigida ne, daga nan awo ke fita zuwa ga mai girki, amma kowace mace tana son nata ɗan wuri mai ƙofa, ko da bai fi ƙafa huɗu ba, a jikin ɗakinta. Tsarin rumbun gandu da ƙananan rumbunan mata ke nan aka mayar cikin bulo.

Bango ma yana da aikin da zai yi. Ɗakunan yanzu sukan kai ƙafa 10 a tsayi, mutum kuwa ƙafa shida yake amfani da su, sauran huɗun na yanar gizo ne. A lokacin da ake zuba linta, in aka ce wa magini ya fito da kanta ta kankare mai faɗin ƙafa biyu a saman ƙofa ko a tsawon bango ɗaya, rodi kaɗan da siminti kaɗan za ta ci, ta ɗauke akwatuna da barguna da tabarmin baƙi har ƙarshen ran ginin. Haka nan ana iya barin gurbi a jikin bango a sa masa ƙofa ya zama kabad, gara ba ta cinsa, ba a kuma jan sa ranar shara. Dakalin baranda in an bar cikinsa rami aka yi masa murfi, ya zama ma'ajin takalma da kayan aiki. Cikin silin ne dai ba a ba da shawara ba. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana lalata takarda da roba da tufa, ga ɓera da jemage, ga wayoyin lantarki a shimfiɗe. Takardun fili da na makaranta da na fansho wurinsu akwatin ƙarfe ne, a kan kanta, inda ruwa ba ya kaiwa.

Ɗaliban da ke koyon zanen gini da kimanta kuɗinsa a manyan makarantu za su yi wa jama'arsu babban aiki in suka soma tambayar mai gini buhu nawa yake ci a shekara, da mata nawa, da sana'ar kowace, da ko yana da dabba, kafin su tambaye shi girman falon da yake so. Mai fulotin da bai soma gini ba kuwa, kada ya cinye filin duka da ɗakuna. Ya bar tsakar gida da kusurwa ɗaya ta baya, domin itace da harawa da ragon layya da tankin ruwa duk suna nan tafe. Da yake yawancin ma'aikata a hankali suke gini, wasu sai kuɗin sallama sun fito suke yin rufi, babu laifi siton ya zama cikin ɗakunan farko da za a rufe a sa wa ƙofa. Kafin a tare zai tsare siminti da rodi daga ruwa da ɓarayi, ranar da aka tare kuma a share shi, a shimfiɗa katako, a shigo da gero.